Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Masu Dawaki Kan Ciwon Shaƙe

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, shugabannin ƙungiyoyin masu dawaki, da masu barga inda ake ajiye dawakin mutane, da masu shirya sukuwa da ƙwallon doki, da dillalan da dawaki ke bi ta hannunsu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a kan ciwon nan da ke kama doki a maƙogwaro, ya kumbura masa kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi har ta nuna ta fashe da mugunya. Likitocin dabbobi suna kiran sa sitirangul, ni kuma zan riƙa ce masa ciwon shaƙe a wannan takarda.

Ku na zaɓa in yi wa magana domin ƙofa a hannunku take. Likita sai ciwo ya shiga ake kiran sa. Ku ne ke cewa wane doki zai shigo barga, wane zai kwana kusa da wane, wane za a bari ya shiga fili ranar taro. Kuma ku ne, ko kun sani ko ba ku sani ba, ke sa mai doki ya faɗi gaskiya idan dokinsa ya kamu, ko ya rufe baki. Roƙona guda ne, duk sauran bayanin da zan yi a kansa ya rataya: ku tsara al'amura yadda faɗin gaskiya a kan wannan ciwo zai fi ɓoye shi sauƙi.

Ciwon ba baƙo ba ne. Tun a shekarar 1251 wani mai kula da dawakin Sarki Frederick na Biyu, Jordanus Ruffus, ya rubuta bayaninsa a Italiya. A 1888 aka gano ƙwayar bakteriyar da ke kawo shi, wadda ake kira Streptococcus equi. An fi shekara ɗari ke nan da sanin mai laifin, amma har yau yana cikin cututtukan dawaki masu yaɗuwa da aka fi gani a duniya. Ƙasar Aislan ce aka sani babu shi a cikinta, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗaruruwan shekaru ke nan ba a shigar da doki ƙasar daga waje, dokinsu ma idan ya fita ba ya komawa. A 2021 masu bincike suka wallafa sakamakon nazarin samfuri 670 na wannan ƙwaya daga ƙasashe 19, suka tarar da iri kusan ɗaya a ƙasashen da teku ya raba. Ƙwayar ba ta da fiffike. Dawaki ne suka kai ta, a mota da jirgi, da takardun da ke cewa lafiyarsu ƙalau. Ba na cewa mu zama Aislan, domin doki dabbar tafiya ce da haɗuwa. Amma abin da waɗannan hujjoji biyu ke nunawa a fili yake, ciwon yana bin sawun mu'amalarmu ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan doki mai wannan ciwo ba ya mantawa. Dokin da jiya yake haniniya idan ya ji motsin abinci, yau ya tsaya ya miƙar da wuya gaba, kai a ƙasa, ido ya yi laushi. Ya kai baki ga ruwa ya kurɓa, haɗiya ta gagara, wani lokaci ruwan ya dawo ta hanci. Majinar da ta fara fari-fari kamar ba komai ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, tana zuba ta hanci biyu, tana manne wa komi da ragama da rigar duk wanda ya matso. Ka sa hannu tsakanin ƙasusuwan muƙamuƙi ka ji kumburi mai zafi da tauri, ya zabura saboda ciwo. Bayan kwanaki wurin ya yi laushi, gashin ya zube, ya fashe. Idan kumburin ya yi ta ciki, can bayan maƙoshi, yana iya matse hanyar numfashi har ka ji dokin yana gurnani daga nesa, kuma akwai wanda sai likita ya huda masa maƙogwaro ya sa bututu kafin ya sami iska. Duƙusai da ƙananan dawaki su suka fi shan wuya. Jakuna da alfadarai ma suna kamuwa, kuma sau da yawa su ne ake mantawa da su idan ana lissafin wanda ya haɗu da wa.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne yadda kwanakin ciwon suke jeruwa, domin a nan damarmu take. Daga ranar da ƙwayar ta shiga doki zuwa ranar da alama za ta bayyana, kwana 3 ne zuwa 14. Alamar farko zazzaɓi ce, tun kafin majina, tun kafin kumburi. Kuma yawanci doki ba ya fara zubar da ƙwayar ta hanci sai bayan kwana ɗaya ko biyu da fara zazzaɓin. Wato akwai ɗan lokaci, gajere amma na gaske, da za a iya janye doki daga cikin 'yan'uwansa tun bai shafa wa kowa ba. Ido ba ya ganin wannan lokaci, hannu a kan wuya ma ba ya gane shi. Ma'aunin zafin jiki kaɗai ke kama shi. Zafin babban doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas. Da ya haura 38.5, a ware shi a kira likita, ko da yana cin abincinsa sarai. Ina mamakin yadda za ka shiga barga ka ga sirdi na alfarma da linzami iri-iri, amma ka nemi ma'aunin zafi guda ka rasa. Shi ne mafi arha a cikin kayan doki, kuma a wannan ciwo babu abin da ya kai shi amfani. Sai dai ba ranar da ciwo ya shigo ake fara koyon awo ba. Dokin da bai saba a ɗaga masa wutsiya a sa masa ma'auni ba zai yi harbi, wanda bai saba awon ba kuma zai ji tsoro ya bari. A saba tun ana lafiya, a rubuta a littafi, a san zafin kowane doki na yau da kullum.

Yadda yake yaɗuwa kuwa, iska ba ta kai shi nesa. Hanci da hanci ne, sai kuma duk abin da majina ko mugunya ta taɓa. Ruwan sha ya fi komai. A busasshen wuri da rana ke duka ƙwayar takan mutu cikin 'yan kwanaki, amma a cikin ruwa da wuri mai danshi da sanyi tana iya yin makonni da ranta. Ku dubi yadda ake ba da ruwa a yawancin wurare. Yaro ya jawo tiyo, ya tsoma bakinsa cikin bokitin doki na farko har ya cika, ya zaro shi yana ɗiga, ya tsoma cikin na biyu, haka har ƙarshen layi. Bokiti kowa da nasa, mai barga yana ganin ya yi tsari, alhali tiyo ɗaya ya haɗa bakin dawaki ashirin. Haka tsumman goge fuska, da linzamin aro, da igiyar ja, da motar ɗaukar dawaki da ba a wanke ba bayan ta sauke wani, da ƙudan da ke tashi daga ƙurji ya sauka a hancin maƙwabci. Haka hannun baƙo mai son dawaki, wanda zai bi layi yana shafa hancin kowane ɗaya. Mai yanke kofato da mai gyaran haƙori da shi kansa likita, idan ba su wanke hannu da kaya sun sauya riga ba, suna iya ɗaukar ciwon daga wannan gida zuwa wancan.

A nan ina so in yi magana a madadin yaran barga, domin su ake fara zagi idan ciwo ya bazu. Yaron da aka ba dawaki goma sha biyar da bokiti uku da tsumma ɗaya, ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayanin yadda ciwon ke tafiya ba, me ake so ya yi? Su ne ke fara ganin dokin da ya bar abinci. Idan sun san cewa kawo labari zai jawo musu faɗa ko a zaftare musu albashi, za su goge majinar su yi shiru. Ku koya musu, ku ba su kayan aiki, kuma wanda ya zo ya ce dokin nan jikinsa da zafi, ku gode masa a gaban sauran.

Yanzu ga wurin da na fi so ku tsaya ku saurare ni, domin a nan ne masu dawaki da yawa, har da waɗanda suka daɗe a harkar, suke shan mamaki. Barga ta yi shekara biyu babu ciwo, ba a ga doki mai majina ya shigo ba, sai kawai ciwon ya tashi. A ce iska ce, a ce sauyin yanayi ne, a ce sabon abinci ne. Mafi yawan lokuta amsar tana tsaye a turke, tana cin abinci, gashinta yana sheƙi.

Doki yana da wasu jakunkunan iska guda biyu a cikin kansa, ɗaya a kowane gefe, can bayan maƙoshi a ƙarƙashin kunne, kowace tana da ƙofa da ke buɗewa zuwa maƙogwaro. Kaluluwar da ke bayan maƙoshi a ƙarƙashin waɗannan jakunkuna take zaune. Idan ta nuna, sau da yawa cikin jakar take fashewa. A yawancin dawaki mugunyar takan tsiyaye ta fita ta hanci, jakar ta wanke kanta cikin makonni. Amma a wasu, kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda suka warke, wani abu yakan saura. Mugunyar ta bushe ta dunƙule ta zama 'yan ƙwallaye masu tauri kamar tsakuwar rafi, ƙwayar cutar tana raye a cikinsu. Dokin ya warke sarai a ido. Ba zazzaɓi, ba kumburi, yana gudu yana cin tsere. Amma lokaci zuwa lokaci yana sakin ƙwayar ta hanci, cikin ruwan sha, a kan hancin abokin turkensa, kuma yana iya yin haka watanni, har shekaru. Shi ne dokin da ake sayarwa da zuciya ɗaya, mai sayarwa ya rantse lafiyarsa ƙalau, kuma bai yi ƙarya da saninsa ba.

Saboda haka kalmar "ya warke" ba ta isa a buɗe ƙofa ba. Ko dokin da ba zai zama mai ɗauke da ciwon ba yakan ci gaba da zubar da ƙwayar mako biyu zuwa uku, wani har mako shida bayan majina ta tsaya. Hanyar tabbatarwa gwaji ce. Mafi inganci shi ne likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ya leƙa cikin jakunkunan, ya wanko ruwa daga ciki a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar. Inda babu wannan na'ura, ana ɗibar samfuri daga can cikin hanci da maƙoshi sau uku, mako guda tsakanin kowane biyu, domin ƙwayar ba kullum take fitowa ba, gwaji ɗaya yana iya kuskure ta. Akwai kuma gwajin jini, wanda ke nuna ko doki ya haɗu da ƙwayar a baya-bayan nan, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa doki ba ya ɗauke da ita. Abin farin ciki, mai ɗauke da ciwon yana da magani. Likita yana iya ciro dunƙulen, ya wanke jakar, ya zuba maganin a ciki, a sake gwadawa. Ba dokin yankawa ba ne, ba kuma na korewa ba. Doki ne mai bukatar a gano shi.

Na san na'urar da gwajin suna da tsada, kuma ba kowane mai doki ɗaya ko biyu zai iya ba. To, ai amfanin ƙungiya ke nan. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin mutum hamsin ba. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin kofi da kyaututtukan gasa tana iya yin yarjejeniya da likita da ɗakin gwaji, ta ɗauki wani kaso na kuɗin gwada dawakin da suka tashi daga ciwo. Kowane mai ɗauke da ciwo da aka gano aka wanke, ɓarkewa ɗaya ce ko fiye aka kashe tun ba ta taso ba.

Sai maganar shiru, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Me ya sa mutum zai ga dokinsa da kumburi ya ɓoye? Ba don mugunta ba ne, galibi. Yana tsoron a ce bargarsa ƙazama ce. Yana tsoron masu ajiye dawaki a wurinsa su kwashe, a daina sayen duƙusansa, a riƙa nuna shi da baki shekara da shekaru. Ya taɓa ganin yadda aka yi wa wani da ya faɗa. Sai ya ja dokin zuwa bayan gida, ya sayo allura ya yi masa da kansa, sauran kuma ya ci gaba da kai su taro domin kada a tambayi dalilin rashin zuwansa. A cikin sauran nan akwai waɗanda ƙwayar ta riga ta shiga, kwanakinsu ne ba su cika ba. Mu da ke zagin wanda ya faɗi gaskiya, mu ne muka koya wa na bayansa yin shiru, kuma dawakinmu ne ke biya.

Wannan ciwo ba shaidar ƙazanta ba ne. Yana shiga barga mafi tsabta ta hanyar doki ɗaya mai kyan gani. A 2015 ya ɓarke a Redwings, wata babbar cibiyar kula da dawakin da aka ceto a Ingila, wurin da ke da likitocinsa da tsarin killace sababbin dawaki. Ba su ɓoye ba. Suka sanar da jama'a, suka tsayar da zirga-zirgar dawakinsu, suka yi watanni suna fama har suka ga bayansa, daga baya kuma suka shiga gaba wajen wayar da kai, har ana ware mako guda a watan Mayu kowace shekara domin wannan ciwo. Mutuncinsu bai ragu ba. A wasu ƙasashe, irin su Suwidin, doka ce ta wajabta a sanar da hukuma idan an gan shi. A wurare da yawa kuwa babu irin wannan doka, kuma ba ya cikin jerin cututtukan da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta wajabta wa ƙasashe su kai rahotonsu. Inda doka ba ta kai ba, sai ƙa'idar ƙungiya. Ku rubuta a cikin dokokinku cewa duk wanda ya sanar da ciwo a bargarsa ba zai rasa matsayinsa ba, za a mayar masa da kuɗin shiga gasar da ya fasa ko a ɗaga masa zuwa ta gaba, kuma shugabanni da kansu za su sanar da sauran mambobi cikin mutunci, ba a bar labarin ya yi yawo a bakin 'yan tsegumi ba. Hukunci kuwa a ajiye shi ga wanda ya sani ya ɓoye, ya kawo doki cikin jama'a.

Idan ciwon ya riga ya shiga, abu na farko a rufe ƙofa, ba shiga ba fita. Na san abin da zuciya ke raya wa mai doki idan ya ji ciwo ya ɓulla inda ya ajiye dokinsa: ya zo da mota cikin dare ya ɗauke shi ya kai wani wuri. Wannan ita ce hanyar da ɓarkewa ɗaya ke zama uku. A raba dawakin gida uku. Waɗanda suka nuna alama wuri guda. Waɗanda suka haɗu da su, ko suka sha ruwa ɗaya, amma ba su nuna komai ba, wuri guda. Waɗanda ba su haɗu da kowa ba su ma wuri guda. Kowane rukuni da bokitinsa da tsintsiyarsa da igiyoyinsa, a shafa musu fenti kala daban domin kada a rikita, a bar tazarar aƙalla mita 10 tsakani. In da hali kowane rukuni da mai kula da shi, in babu, a fara aiki da masu lafiya a ƙare da marasa lafiya, sannan a yi wanka a sauya kaya. A auna zafin rukuni na biyu da na uku safe da yamma, wanda ya yi zazzaɓi a mayar da shi cikin na farko nan take. Wajen wanke wuri, a fara kankare majina da kashi da sabulu da ruwa tukuna, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan datti. Filin da marasa lafiya suka yi kiwo a bar shi ya huta kamar mako huɗu.

Abu biyu nake roƙon ku hana. Na farko, yi wa doki allurar kashe ƙwayoyin cuta ba da umarnin likita ba. Gaskiya ne fenisilin yana kashe wannan ƙwaya, amma lokacin ba da shi shi ne magana. Idan ƙurji ya riga ya fara taruwa, allurar takan jinkirta nunarsa ne kawai, a daina ta ya dawo. Idan an ba da ita tun farkon zazzaɓi tana iya tare ciwon, amma dokin ba zai sami kariyar da mai warkewa ke samu ba, yana iya sake kamuwa da zarar an tsaya. Akwai dawakin da lallai suna bukatarta, kamar wanda numfashi ke gagara ko wanda ciwon ya bazu a jikinsa, kuma likita ne zai tantance. Yawancin dawakin da suka kamu kuwa abin da suke so jinya ce: hutu, abinci mai laushi da aka jiƙa a ajiye a ƙasa domin mugunya ta samu hanyar fita, maganin rage zafi da zazzaɓi, gasa kumburin da tsumma mai ɗumi har ya nuna, sannan a riƙa wanke ramin kullum bayan ya fashe. Kada a tsaga ƙurjin da bai nuna ba, wurin cike yake da manyan jijiyoyi.

Na biyu, tsohuwar dabarar nan ta cewa a haɗa su duka su kamu a huta. Masu wannan ra'ayi suna da 'yar hujja, domin kusan kashi 75 cikin ɗari na dawakin da suka warke suna samun kariya mai daɗewa. Amma ku dubi abin da ake saye da shi. A wasu dawaki ƙwayar takan bi jini ta yi ƙurji a cikin ciki, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa, inda ba mai gani balle ya gasa. A wasu kuma, makonni bayan an ɗauka an gama, garkuwar jiki takan juya ta far wa jijiyoyin jini, ƙafafu da kai su kumbura suntum, ɗigon jini ya fito a dasashi, fata ta riƙa sulluɓewa. Waɗannan suna kisa. Kuma duk dokin da aka ƙara wa ciwon, an ƙara yiwuwar samun wani mai ɗauke da shi a ɓoye. Wanda ya ga doki ɗaya a wannan hali ba zai sake cewa a bari su kamu ba.

Allurar rigakafi akwai ta, iri-iri: akwai wadda ake fesawa a hanci, akwai ta cikin leɓen sama, akwai kuma Strangvac da aka amince da ita a Turai a 2021, wadda ake yi a tsoka. Suna rage tsananin ciwo da yawan masu kamuwa, amma babu wadda ke tarewa ɗari bisa ɗari, suna bukatar maimaitawa, kuma ba a yi wa dokin da bai daɗe da tashi daga ciwon ba sai likita ya duba, saboda haɗarin kumburin jijiyoyin da na ambata. Taimako ce a kan killacewa, ba madadinta ba.

Killacewar kuwa ba ta da wuyar fahimta. Duk sabon doki, ko na wa ne, ko daga hannun wa ya fito, ya yi mako uku shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran, da bokitinsa, ana auna zafinsa sau biyu a rana, a tambayi tarihinsa, in da hali a gwada shi. Na ce ko na wa ne da gangan, domin a nan ake karya ƙa'ida. Dokin babban mutum ya iso, a ji nauyin cewa a kai shi gefe, a sa shi tsakiyar barga a daren. Ranku ya daɗe, idan dokin shugaba ya yi mako ukunsa a gefe kowa yana gani, ba wanda zai sake jin an wulaƙanta shi don an ce nasa ya yi. Dokin da ya dawo daga taro ma a sa masa ido, a riƙa auna shi har mako biyu.

A wurin taro, ku daina ajiye komin ruwa ɗaya na kowa da kowa. Ku sa famfo ko tanki, kowa ya ɗiba da bokitinsa, kada bakin tiyo ya taɓa ruwan. Ku ba da tazara a wurin ɗaure dawaki yadda ba za su haɗa hanci ba. A ƙofar shiga a sami mai duba hanci da ƙarƙashin muƙamuƙi, da ma'auni a hannunsa, kuma a ba shi ikon mayar da doki ko na wane ne. Kowane mai doki ya sa hannu cewa babu wannan ciwo a bargarsa a makonnin da suka wuce. Ku rubuta sunan kowane doki da inda ya fito da inda aka ɗaure shi, domin idan labari ya zo bayan kwana goma cewa ɗaya ya kwanta, a san waɗanda za a kira a ranar. Dillalai kuma, ku da dawaki daga wurare daban-daban ke kwana a hannunku, ku faɗa wa mai saye gaskiyar inda doki ya fito da ko ya taɓa yin ciwon, ku wanke mota tsakanin kaya da kaya.

Ina roƙon ku sa wannan magana a ajandar zamanku na gaba, ku gayyato likitan dabbobi ya zauna da ku, a kira yaran barga su ma su ji da kunnensu. A fito da ƙa'ida a rubuce kan killace sabon doki, da awon zafi, da gwada wanda ya warke, da kariyar wanda ya sanar, a raba wa kowane mamba kafin taro na gaba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya tsare mana dabbobinmu.

Wassalam.

Naku,
Wani mai kiwon dawaki